Fulawa, Sukari, Bota da Ƙwai: Aikin Kowanne a Kayan Zaƙi

Ki shiga shagon masu kayan kek a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ke Bauchi, ki sayi fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara da bakin hoda. Da waɗannan shida wata za ta fitar da kek, wata cincin, wata gireba, wata kuma ta ajiye rabinsu ta ɗauko mai ta yi dublan. Kayan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yawan kowanne, da wanda aka fara zubawa, da irin wutar da aka ba shi. Shi ya sa haddace awo kaɗai ba ya fisshe ki. Ranar da aka canja miki fulawa, ko zafin Afrilu ya narkar da botar tun tana leda, awon da kika haddace ba zai gaya miki abin yi ba.

Ki riƙe wannan tukuna, 'yar'uwa. Fulawa da ƙwai su ne masu ba abu jiki ya tsaya. Sukari da maiƙo su ne masu sa shi laushi. Kullum ɓangarorin nan biyu ja-in-ja suke yi a cikin roba. In na farko ya rinjaya, abu ya yi tauri; in na biyu ya rinjaya, ya rushe ko ya marmashe. Ruwa da madara suna tayar da fulawa ta fara aiki, bakin hoda da yis kuma su hura iska. Duk matsalar da za ki gani a kek ko cincin, daga cikin waɗannan take.

Mataki na farko: awo

Mun saba da mudu da tiya da gwangwani, kuma ga tuwo da kunu babu laifi. Ga kek akwai. Kofin awo na mililita 240 yana ɗaukar fulawa kimanin giram 125, amma shi wannan kofin yana ɗaukar sukari giram 200. In kika danna fulawar da hannu, kofin zai iya cin giram 150 ko fiye. Ke nan mata biyu za su ce "kofi huɗu na sa", alhali ɗaya ta fi ɗaya da kusan kofi guda. In sana'a kike yi, ƙaramin sikeli na batir ya fi miki duk wani kayan ado na kicin. In babu, ki tankaɗe fulawar, ki riƙa zuba ta a kofi da cokali ba tare da dannawa ba, ki shafe saman da bayan wuƙa, kuma kofin da kika fara da shi da shi za ki gama.

Ki auna komai ki jera kafin ki fara. Kwaɓin da aka riga aka sa wa bakin hoda ba ya jiran a aiki yaro shago.

Fulawa da danƙonta

A cikin fulawar alkama akwai sitaci, shi ya fi yawa, sai sinadarin furotin kimanin kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Da zarar ruwa ya taɓa furotin ɗin nan kuma aka murza, sai ya zama danƙo, wanda masana ke kira gulutin. Danƙon kamar raga yake, shi ke tare iskar da yis ko bakin hoda suka saki, abu ya kumbura bai fashe ba. Ruwa da murza suna ƙara shi. Maiƙo da sukari suna rage shi.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa kowane abu yake da irin hannun da ake yi masa. Fanke danƙo yake so, don haka ake bugun ƙullunsa sosai har ya riƙa jawuwa. Dublan ma yana so, domin sai da danƙo za ki murza shi siriri ki naɗe bai yage ba. In kuma yana komowa duk lokacin da kika murza, ki rufe shi ki bar shi minti 20, danƙon zai saki. Kek da gireba ba sa so ko kaɗan. Da kin zuba fulawa a kwaɓin kek, juyawa ce a hankali har farin ya ɓace, sai ki ɗauke hannu. Kek ɗin da ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki, ba ƙwai ne ya yi kaɗan ba, bugu ne ya yi yawa bayan fulawa.

Yawancin fulawar buhu da ake auna mana a kasuwa an yi ta ne da masu burodi a rai, tana da ƙarfi. In kina son kek mai taushi da ita, daga kowane kofi ki ɗebe babban cokali biyu ki mayar da garin sitacin masara, ki tankaɗe su tare sau biyu. Sitacin ba ya danƙo, sai ya rage mata ƙarfi. Wajen saye kuma ki sa hanci. Fulawar da ta sha damshi tana warin rima, tana ƙulli-ƙulli, kuma babu filebon da zai rufe wannan warin. Araha ba ta ado.

Ɓarzajjiyar alkamar alkaki daban take: ba a niƙa ta ta yi luƙui, don haka danƙonta ba ya fita da wuri, sai an jiƙa ta kwana an kirɓa. Ita kuwa shinkafar nakiya ba ta da wannan danƙon sam. Abin da ke haɗe nakiya zuma ce ko dafaffen sukari da man shanu, da kuma ƙarfin taɓarya.

Mataki na biyu: bota da sukari

Bari mu bi kek daga farko, don a cikinsa kowa yake nuna aikinsa. Awon da ba ya ba da kunya shi ne nauyi ɗaya na manyan huɗun: fulawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 250 (za ki iya sauka zuwa 200), ƙwai biyar. Sai bakin hoda ƙaramin cokali biyu, gishiri ɗan kaɗan, madarar ruwa babban cokali uku, da filebo.

Za ki fara da bugun bota da sukari. Mutane da yawa suna zaton haɗa su kawai ake yi. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin sukari suna da kaifi, yayin bugu suna yanka botar suna barin ƙananan ramukan iska dubbai. Bakin hoda ba ya ƙirƙirar sabbin ramuka sosai, waɗannan da kika buɗe su yake hurawa su girma. Saboda haka in kin gajarta bugu, ko kin ninka bakin hoda ba za ki samu kek mai sakayau ba. Alamar ya yi ita ce launin ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ya ƙaru a roba, kuma in kin ɗaga muciya yana tsayawa a jikinta. Da na'ura minti 5 ya isa. Da muciya ki sa ran minti 15 zuwa 20, ki nemo mai karɓar ki.

Botar dole ta kasance mai laushi amma ba narkakkiya ba: ki danna da yatsa ya shiga, ramin ya tsaya. Wadda ta narke ba ta riƙe iska. A Bauchi daga Maris zuwa Mayu wannan ne babban aiki, don haka ki yi bugunki da sassafe, ko ki ɗora robar a cikin wata babba mai ruwan sanyi. Da hunturu kuma akasin haka, botar daskarewa take yi; ki yanka ta ƙanana ki ajiye kusa da murhu, kada ki ɗora ta a wuta.

Abin da muke kira bota a kasuwa, irin su Simas da Blue Band, daga man tsirrai ake yin su. Botar ainihi daga madarar shanu take, kusan kashi 80 cikin ɗari maiƙo ce, sauran ruwa ne da ɗan furotin. Ta fi ɗanɗano, amma ta fi tsada kuma ta fi saurin narkewa. Ki lura, wasu masu laushin nan na shafa wa burodi ruwansu ya yi yawa, ba su dace da gashi ba. Soyayyen man shanu kuwa an riga an ƙone ruwansa, ba ya kama iska kamar bota, amma a nakiya da gireba babu mai kama ƙafarsa wajen ƙamshi. In na kayan zaƙi za ki soya, kada ki jefa masa albasa kamar na miya. Man gyaɗa shi ma ba ya kama iska, sai dai kek ɗin da aka yi da shi yana daɗewa da laushi, don mai ba ya daskarewa. A irin wannan kek ɗin ƙwai da sukari ake bugawa su yi kumfa, su ne ke kawo iskar.

Shi sukari, zaƙi kaɗan ne daga aikinsa. Yana jan ruwa ya riƙe, shi ya sa kek mai isasshen sukari yake kwana uku bai bushe ba. Yana raba ruwa da fulawa, danƙo ya ragu. Shi ke ba ɓawon kek da cincin launin ja. Kuma idan ya yi yawa sosai yana hana ƙwayoyin cuta ruwan da za su rayu, wanda shi ne sirrin daɗewar alkaki da nakiya a kayan gara. In kika zabge rabin sukarin kek don masu gida ba sa son zaƙi, za ki samu abu fari, busasshe, mai kama da burodi. Rage kashi ɗaya cikin biyar ba ya ɓata komai. Fiye da haka, sai an sake lissafi.

Mataki na uku: ƙwai

Ƙwan gidan gona matsakaici, in an cire ɓawo, kimanin giram 50 ne: farin ya kai 30, gwaiduwa kusan 20. Farin ruwa ne da furotin, yana daskarewa a wuta ya taya fulawa riƙe jiki, amma in ya yi yawa yana busar da kek ya sa shi tauri. Gwaiduwa tana kawo maiƙo da launi, kuma tana ɗauke da wani sinadari da ke sasanta ruwa da mai su zauna wuri ɗaya. Don haka ake sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a buga har ya ɓace kafin a sa na gaba. In kika juye biyar lokaci guda, ruwan ya fi ƙarfin botar, kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. In hakan ta faru kada ki zubar: ki barbaɗa cokali ɗaya daga fulawar da kika auna, ki ci gaba da bugu, zai haɗe.

Ki fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi kafin ya shiga roba. Ƙwai ɗaya da ya lalace zai ja miki asarar bota da sukarin da kika sha wuya a kansu. Wanda kike shakka, ki sa shi a ruwa: sabo yana kwantawa a ƙasa, wanda ya taso sama ya tsufa. Da damina ƙwan zabi yana yawa a kasuwa, yana yin kek mai kyan launi, amma ya fi na gona ƙanƙanta, inda za ki sa biyar sai ki sa shida ko bakwai. Ƙarnin ƙwai kuma ba a kashe shi da tulin filebo. Ɗan kankararren ɓawon lemun zaƙi ko na tsami, saman kawai ban da farin ciki mai ɗaci, ya fi aiki.

Masu kumbura abu: bakin hoda, soda, kanwa da yis

A nan aka fi ruɗewa. Sodar girki gari ce da ke sakin iska idan ta haɗu da tsami: nono, kindirmo, ruwan lemun tsami, zuma, mazarƙwaila. In babu tsami a kwaɓin, sodar za ta bar ɗanɗanon sabulu da launi mai duhu. Bakin hoda kuwa ita wannan sodar ce aka haɗa ta da nata busasshen tsamin da ɗan sitaci, ruwa da zafi kawai take buƙata. Soda ta ninka bakin hoda ƙarfi sau uku zuwa huɗu. Ƙa'idar da ake bi: kowane kofin fulawa, ƙaramin cokali ɗaya na bakin hoda, ko kwatan ƙaramin cokali na soda. Ƙari a kan haka ba ya ƙara tashi. Kek ɗin zai yi tsalle a oben, ramukan su fashe tun jikin bai ƙafe ba, tsakiya ta lotsa, ga ɗaci a maƙogwaro.

Gargaɗi guda: sodar girki ba ita ce sodar haɗa sabulu ba. Waccan guba ce, tana cin fata da hanji. Ki sayi mai suna a jikin mazubi, kada ki karɓi farin gari a ƙullin leda ba ki san ko mene ne ba.

Bakin hoda yana mutuwa in ya sha iska da damshi. Kafin babban aiki, ki zuba ƙaramin cokali a rabin kofin ruwan zafi. In ya yi kumfa nan take, yana nan da ransa. In ya kwanta shiru, ki sake saye. Ki tankaɗe shi tare da fulawa don ya rabu ko'ina.

Kanwa 'yar'uwar soda ce, kuma iyayenmu sun daɗe suna wannan lissafin. Kwaɓin alkaki da ya kwana ya yi tsami, ruwan kanwa ake sa masa ya kashe tsamin, ya saki jiki, ya ba shi launi a kasko. Haka ake yi wa ƙullun masa in ya zarce. Sai dai ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga dutse zuwa dutse, don haka a jiƙa ta, a tace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa.

Yis kuma abu ne mai rai. Yana cin sukari yana fitar da iska, kuma yana buƙatar lokaci. Ruwan da ya fi so shi ne mai ɗumi kamar digiri 35 zuwa 40, wanda za ki sa yatsa ki bar shi ba ki ji zafi ba. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi. Gwajinsa: ruwan ɗumi, ɗan sukari, yis, ki jira minti 10, in bai yi kumfa ba ya mutu.

Madara, gishiri da kayan ƙamshi

Madara tana jiƙa fulawa kamar ruwa, ta ƙara maiƙo da ɗanɗano, kuma nata sukarin da furotin suna saurin yin ja a wuta. Dalilin ke nan da gullisuwa take ƙonewa cikin ƙiftawar ido, sai da ƙaramar wuta. A kek, ki raba fulawar uku: kashi ɗaya, rabin madara, kashi na biyu, sauran madara, sannan na ƙarshe.

Gishiri yana fito da zaƙi, yana kuma ƙarfafa danƙo da rage gudun yis. Kwatan ƙaramin cokali ya ishi kek ɗin nan, in botar mai gishiri ce ma ki bar shi. Filebo da gyaɗar ƙamshi da kirfa ba sa taɓa jikin abu, hanci suke wa aiki. Citta, kanumfari, masoro da kimba na nakiya suna karya zaƙin don kada ya gundura. Gyaɗa da riɗi sai an soya ƙamshinsu ke fita. Gyaɗar da ta yi baƙi ko hunhuna ki tsince ki zubar, gubar da ke cikinta suya ba ta kashe ta.

Mataki na huɗu: gashi

Ki kunna oben minti 15 kafin ki sa kek, digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos. Gwangwani mai faɗin santimita 20 yana ɗaukar minti 45 ko fiye, ƙananan gwangwanaye minti 20 zuwa 25. Kada ki cika mazubi ya wuce biyu bisa uku. A farkon gashi iskar ce ke faɗaɗa, daga baya ƙwai da sitaci su daskare su riƙe ta. In kika buɗe ƙofa kafin su daskare, zafi ya sauka, kek ya faɗa. Ki haƙura har minti 25 su wuce a babban kek.

Mai gashi a tukunya da yashi, ki sa yashin ya yi zafi tukuna, ki ɗora ƙarfe ko duwatsu uku don gindin gwangwani kada ya taɓa yashin, wutar ƙasa kaɗan, 'yan garwashi a kan murfi don sama ya yi ja. Tsinken sakace ya fito a bushe daga tsakiya, an gama.

In suya za ki yi

Cincin na fulawa kilo ɗaya: sukari giram 200 zuwa 250, bota giram 100 zuwa 125, ƙwai biyu, bakin hoda ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu, gyaɗar ƙamshi, sai madara ko ruwa daidai yadda zai haɗe da ƙarfi. A nan ba a bugun bota da sukari. Murza botar ake yi cikin fulawa da yatsu har ta yi warwar, maiƙon ya lulluɓe garin kafin ruwa ya iso. Shi ke sa cincin ya yi garas-garas bai karya haƙori ba. In ya yi tauri, bota ta yi kaɗan ko murza ta yi yawa. In yana wargajewa a kasko yana shan mai, bota ta yi yawa. In ya yi baƙi ciki bai soyu ba, sukari ne ya yi yawa ko wuta. In mai yana kumfa yana neman zubowa, ki duba yawan ƙwai da bakin hoda, da busasshen garin da ke manne a jikin yankan, da kuma tsufan man.

Zafin mai ya kasance wajen digiri 170 zuwa 180. Ki jefa ƙwaya ɗaya: ta nutse, ta taso cikin 'yan daƙiƙu da ƙananan kumfa kewaye da ita. In ta zauna a ƙasa, man bai yi ba, abu zai sha mai. Kuma ki kwashe cincin tun launinsa bai kai yadda kike so ba, yana ci gaba da yin duhu a matsami.

Fanke na fulawa giram 500 yana son yis ƙaramin cokali biyu, sukari kamar giram 100, gishiri, da ruwan ɗumi kusan mililita 400. Kada son zaƙi ya sa ki ninka sukarin, yana janye wa yis ruwa ya rage masa ƙarfi. Da zafi minti 45 ƙullun ya ninka. Da hunturu zai iya cin awa biyu, sai ki rufe shi da kyau ki sa a rana, don iskar nan tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo.

Dafa sukari

Wannan fanni ne mai zaman kansa, kuma a nan alkaki da dublan da alewa suke cin jarrabawa ko su faɗi. Yayin da ruwan sukari ke tafasa, ruwa na fita, zafi na hawa, kuma kowane mataki da abin da yake bayarwa. A wajen digiri 110, in kin ɗiga a faranti ya ɗan huce kin taɓa da yatsu biyu kin buɗe, zai ja siririn zare. Nan ne wurin alkaki da dublan. Ya ƙara kaɗan zuwa wajen 115, ɗigon da kika sa a ruwan sanyi zai dunƙule da laushi, na tuwon madara ke nan. A wajen 150 ɗigon yana ƙandarewa ya karye, na alewa mai ƙarfi. Daga 160 zuwa sama sukarin ya fara ja da ƙamshi, na kantu da alewar gyaɗa. Tsakanin wannan ja da ƙonewa 'yan daƙiƙu ne, ba lokacin amsa waya ba ne.

Sukari kullum yana son komawa ƙwaya. Dublan da ya bushe da farin sukari a jikinsa, abin da ya faru ke nan. Maganinsa tsami: ruwan tsamiya ko na lemun tsami yana raba sukarin gida biyu, zuwa wasu nau'o'in da ba sa saurin ƙanƙarewa. A kofi biyu na sukari da kofi ɗaya na ruwa, babban cokali ɗaya na lemun tsami ya isa. Ki juya har sukarin ya narke, da ya tafasa ki daina juyawa, ki goge ƙwayoyin da suka manne a gefen tukunya da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Zuma da ma a rabe sukarinta yake, shi ya sa alkakin zuma yake zama da sheƙi da laushi. Ta fi sukari zaƙi da saurin ƙonewa, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Ki tsoma alkaki yana da zafi a ruwan sukari mai ɗumi, ya sha har ciki. Dublan kuwa tsomawa ce a cire, in ya daɗe sai ya yi laƙwas.

Tuwon madara shi ƙanƙarewar yake so don ya yanku, saboda haka ba a sa masa tsami, ga shi kuma tsami yana tsinka madara. Ki sauke tukunya kafin ki zuba garin madara, ki tuƙa da sauri, ki baza a faranti mai shafen mai. Kantu ma a yanka shi da sauran ɗumi, in ya huce sai dai fasawa.

Dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi. A kori yara daga wurin. In ya zubo wa mutum, a sa wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ban da gishiri, ban da man goge baki, in ƙunar babba ce a tafi asibiti.

In kaya sun yi tsada, me za a rage?

Filebo da madara su ne farkon waɗanda za ki iya taɓawa ba tare da abu ya rushe ba, ruwa zai yi aikin jiƙawa, ɗanɗano ne kawai zai ragu. Cincin yana yiwuwa babu ƙwai sam. A kek, in kin cire ƙwai ɗaya ki mayar da babban cokali uku na kindirmo da ɗan soda a bakin cokali, amma kada ki cire fiye da biyu cikin biyar. In za ki sa mai a madadin bota, giram 80 na mai yana tsayawa a gurbin giram 100 na bota, tunda shi babu ruwa a cikinsa, sai ki ƙara cokalin madara ki koma bugun ƙwai da sukari. Abin da ba a yi shi ne ƙara fulawa don kwaɓi ya yi auki, mai saye zai gane tun daga cizon farko.

Ajiya ma ta bi halin sukari. Da damina, musamman Yuli da Agusta, kantu da alewa suna jan damshin iska su yi danƙo, cincin ya yi sanyi. Ki bar komai ya huce sarai kafin ki rufe, ki sa a bokiti mai murfi da ke kamawa, kuma kada ki haɗa kek da cincin a mazubi ɗaya, don cincin zai shanye ruwan kek su lalace tare.